Yadda Aka Kore Ni Daga Ɗakin Kwamfuta

Gara in fara da faɗin laifuffukana da bakina, kafin wani ya faɗe su ya ƙara musu gishiri. Ni ce na taɓa juya fuskar kwamfutar monitar ajinmu, rubutu ya koma ƙafa a sama kai a ƙasa, ta yi minti goma tana karanta tambayoyi da wuya a karkace kamar kazar da ta hango shaho. Ni ce kuma na musanya wayoyin linzamin kwamfutoci biyu da ke maƙwabtaka, wannan ta motsa nata, kibiyar waccan ta gudu, har suka fara karanta Ayatul Kursiyyu a tare. Waɗannan biyun na amsa su, na sha bulalarsu, na kuma yafe wa kaina. Amma abin da ya faru a zangon ƙarshe na aji shida, wallahi ba hannuna a ciki.

Makarantarmu ta 'yan mata ce, ta jeka-ka-dawo, a wani ƙauye da bai fi tafiyar rabin awa a ƙafa ba zuwa Tsanyawa. Gidanmu yana bayan katangarta, gonar Babana ce kawai a tsakani. Shekarar da muka shiga aji biyar aka kawo mana kwamfutoci ashirin da sola, domin jarrabawar shiga jami'a yanzu a kwamfuta ake yin ta, mu kuwa yawancinmu ba mu taɓa danna komai ba sai wayar iyayenmu. Duk ƙauyenmu babu wata kwamfutar sai waɗannan. Wadda ba ta saba hannunta a nan ba, ranar jarrabawa za ta je ta zauna tana neman harafi ɗaya har lokaci ya ƙare.

Akwai ta ashirin da ɗaya, babba, baƙa, mai gurnani. Malamin kwamfuta yana ce mata saba, mu muna ce mata uwar garke. Ba a ɗakinmu take ba, tana ofishin Hajiya Firinsifal, don shi kaɗai ne mai ƙofar ƙarfe. Malam ya ce sunan kowace ɗaliba da kalmar sirrinta suna cikinta, sauran ba su san kowa ba. In kin zauna gaban kowace kwamfuta kin rubuta sunanki, sai ta aika ta waya ta tambayi uwar garke, "Kin san wannan?" In ta ce ta sani a buɗe miki, in ta yi shiru ki zauna kina kallon bango. Kamar dai baƙo ya zo gari, ba mai ba shi masauki sai mai unguwa ya ce ya san gidansu.

Saboda kusancin gidanmu, ni Malam ya ba makullin ɗakin. Aikina in zo da sassafe in buɗe tagogi, in kakkaɓe teburori, in kunna kwamfutocin kafin asambili. Ranar Litinin ajinmu ne farkon shiga. Akwai abu ɗaya da ban taɓa faɗa wa kowa ba. In na gama kunnawa, nakan shiga da sunana a kwamfutar bakin taga in saci atisaye na minti goma, in an kaɗa ƙararrawa in kashe fuskarta kawai in ruga layi. In mun dawo sai in kunna fuskar in yi kamar yanzu nake shiga.

Wata Litinin a farkon bazara, lokacin da amalanke ke ta jigilar taki zuwa gonaki, muka shiga kowa ta rubuta sunanta. Kwamfutoci goma sha tara suka ƙi. Kowacce ta fito da wani dogon Turanci, wanda taƙaicinsa shi ne ba ta samu tabbacinki ba. Ni kuwa ina can bakin taga ina amsa tambaya ta bakwai, ban ma san duniyar da ake ciki ba.

"Malam, ta ce ba ta san ni ba!"

"Malam, ni ma!"

"Ni jiya-jiya ta san ni, Malam, yau me na yi mata?"

Malam, Allah Ya ba shi lada, asalinsa malamin lissafi ne, kwas na 'yan kwanaki aka tura shi birni ya dawo da muƙamin. Ya ce kowa ta duba ko ta danna maɓallin manyan haruffa. Muka duba. Ya ce a sake rubutawa a hankali. Aka sake, wata har da bisimilla a kan kowane harafi. Ya durƙusa ƙarƙashin teburori yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya fito da yanar gizo-gizo a hula. Ya tafi ofishin Hajiya ya dawo ya ce uwar garke lafiyarta ƙalau, fitilunta na walƙiya. Darasi ya ƙare ba wadda ta shiga. Abin mamaki, 'yan aji biyar da suka zo bayan tara suka shiga sumul, kamar ba a yi komai ba.

Litinin ta gaba aka maimaita. A nan ne monita ta miƙe, ita da har yau wuyanta bai manta da ni ba.

"Malam, a duba bakin taga. Me ya sa kullum ita kaɗai ake buɗe wa?"

Duk ajin ya juyo. Ban taɓa sanin idanu suna da nauyi ba sai ranar. Na ji kamar an ɗora min buhun gero a ka.

Kafin azahar ina tsaye a ofishin Hajiya, uwar garke tana gurnani a kusurwa kamar ita ma tana ba da shaida. Hajiya na zaune, Malamin kwamfuta na tsaye, Malamin ladabtarwa yana bakin ƙofa da bulalarsa a hamata. Wannan Malamin dogo ne siriri, ya kusa ritaya, kuma a rayuwarsa ba abin da ya tsana kamar makara. An ce ranar ɗaurin aurensa ya riga liman zuwa har ya taya shi shimfiɗa tabarmi.

"Me kika yi musu?" Hajiya ta tambaye ni.

"Hajiya, wallahi kunna su kawai nake yi."

"To ke ta yaya kike shiga?"

Na ga gaskiya ce kaɗai za ta fishe ni, sai na faɗi sirrina, cewa tun kafin asambili nake shiga. Ashe rami na ƙara wa kaina zurfi.

"Kun ji ko?" in ji Malamin ladabtarwa. "Ita kaɗai a ɗaki, da makulli a hannu, da tarihi a baya. Hajiya, me kuma ake nema? Akuya ce da baki dumu-dumu da dusa take cewa ba ta ga ƙwarya ba."

Malamin kwamfuta ya ɗan yi gyaran murya ya ce shi dai bai ga yadda ɗaliba za ta iya wannan ba. Malamin ladabtarwa ya ce yaran yanzu a waya suke koyon komai. Hajiya ta miƙo hannu na ajiye makulli a tafinta. Ta ce ba ni ba ɗakin kwamfuta har ƙarshen zango, sai in na faɗi abin da na taɓa. Saura sati shida jarrabawa.

Na fito na zauna gindin darbejiya na yi kukan da ya kusa jiƙa gonar Babana, ya huta da jiran damina. A gida Inna ta saurare ni har ƙarshe tana tankaɗe, sannan ta ce, "Ni dai na haife ki, na san ki. Faɗa min tsakaninki da Allah, ba ke ba ce?" Na ce ba ni ba ce. Ta ce, "To," irin to ɗin da ake ce wa mai tallan maganin gargajiya.

Tunda ba wanda ya yarda da ni, ni ma na daina yarda da kowa. Na sami bayan littafin Hausa na jera waɗanda nake zargi. Monita ce ta ɗaya, dalili a bayyane yake. Baba mai gadi na biyu, domin na taɓa ganinsa yana cajin rediyonsa a jikin batirin sola. Malamin kwamfuta na uku, wataƙila bai shirya darasin Litinin ba yake neman mafaka. Na huɗu aminiyata, wadda aka ba makullin bayana, don na lura ta karɓe shi ba ta ko yi kara ta ce a bar min ba. Na biyar aljanun tsamiyar bayan ɗakin, waɗanda kowa ya san ba a nemi izininsu ba kafin a kafa sola.

Na fara bin Baba mai gadi a baya kwana biyu. Abin da na gano kawai shi ne yana ɓoye goro a cikin ramin katanga. Rana ta uku ya juyo ya ce, "'Yar nan, in goron kike so ki tambaya, kin ishe ni da sanɗa."

Aminiyata kuwa na tare ta a hanyar rijiya.

"Ke, dube ni nan. Nawa monita ta ba ki?"

"Ta ba ni me? Ke kam haukan naki ya fara yin rassa."

"To me ya sa kika karɓi makullin?"

"In ƙi karɓa a ba monita? Wawiya kawai. Don in dinga kwafo miki tambayoyin na karɓa."

Kuma ta kwafo, a takarda, har shafi huɗu. Na gode mata, amma ban goge sunanta daga littafin ba. Na dai mayar da ita ta biyar, aljanu suka hau na huɗu. Na zana haruffan kwamfuta a bayan kwalin sabulu ina atisaye a kai da yamma, ƙannena suna tsaye suna tambaya ko a kawo min sola.

Litinin ta uku na tashi da murna, domin yau ba ni a ɗakin, in abin ya sake faruwa an wanke ni. Horon da aka ba ni a lokacin darasin shi ne sharar barandar ofis. Ana tashi daga asambili ina riƙe da tsintsiya, sai ga Malamin ladabtarwa ya zo wucewa. Ya shiga ofishin malamai, ya hau kujera ya sauko da agogon bango, ya dubi na hannunsa, ya murɗa, ya mayar. Ya fito ya shiga ofishin Hajiya, ita tana can bakin get da wasu iyaye. Na matsa da sharata har bakin taga. Ya yi wa agogon bangonta haka. Sannan ya ja kujera gaban uwar garke, ya sa tabarau, ya kama linzami da yatsa biyu kamar mai ɗaukar kunama, ya ɗan danna nan da can, ya miƙe ya fita. Duka bai fi minti biyu ba.

Mutumin da ya kira ni akuya! Ban san me ya taɓa ba, amma nan take na ba shi lamba ta ɗaya, na biyu da na uku duk shi kaɗai.

Ba a jima ba hayaniya ta tashi daga ɗakin kwamfuta. Wannan karon ashirin ɗin duka sun ƙi. Na jingina tsintsiya ina jiran a zo a ba ni haƙuri. Sai ga monita ta fito tana cewa ai dama an sani, aminiyata na tura ta ƙarasa min aikin. Aka kira aminiyata ofis, ta fito da jajayen idanu ba makulli a hannunta. Yanzu mu biyu ne a waje.

Na sami Malamin kwamfuta shi kaɗai na faɗa masa abin da na gani. Ya waiga hagu da dama.

"Ke, rufa min asiri. Mutumin da ya koyar da ni a aji ɗaya zan je in ce yana lalata kayan gwamnati? A kan maganarki?"

Amma na ga maganar ta zauna masa. Washegari ya roƙi Hajiya a kira waɗanda suka haɗa kayan, tunda abin ya fi ƙarfinsa.

Ranar Alhamis aka turo injiniya daga Rijiyar Zaki, can cikin birni. Mun zaci wani ƙato za mu gani da akwatin sukundireba. Sai ga wata 'yar siririyar Anti ta sauko daga motar haya da hijabi ruwan toka da jaka a baya, tana cin gyaɗa. Hajiya ta sa aka kira ni da aminiyata, wai mu faɗa wa injiniya abin da muka taɓa don a rage mata wahala.

Anti ba ta ko tambaye mu ba. Ta zauna gaban uwar garke, ta ga a buɗe take ba a kulle ba, ta ɗago ta dubi Malamin kwamfuta.

"Malam, kullum haka kuke barinta? Kowa ya shigo shi ne mai gida?"

Malam ya ce yana tsoron kada ya kulle ta ita ma ta ce ba ta san shi ba. Anti ta girgiza kai. Ta tambayi ranar da abin ke faruwa, da ƙarfe nawa, da ko yana warkewa da kansa. Sannan ta buɗe wani dogon jeri ta ce wannan rajistar uwar garke ce, duk abin da aka yi mata tana rubutawa da lokacinsa, ba ta mantuwa kuma ba ta kara. Ta yi ta gangarawa tana tauna gyaɗa. Ni kuwa na riƙe numfashi har na fara ganin taurari da rana tsaka.

"Yauwa," ta ce. "Wa yake canza mata agogo?"

Ta nuna fuskar kwamfutar da yatsa.

"Ga shi nan. Litinin uku a jere, bayan ƙarfe takwas kaɗan, an tura agogonta gaba da minti goma sha biyar."

Ta yi mana bayani a sauƙaƙe. Ta ce duk saƙon da ƙaramar kwamfuta za ta aika tana tambayar sunan ɗaliba, sai ta buga masa lokaci. Uwar garke ta duba nata agogon. In bambancin ya wuce minti biyar sai ta ɗauka tsohon saƙo ne wani ɓarawo ya tsinta yake son shiga da shi, ta ƙi amsawa. Ƙananan an kunna su tun da safe da lokacin gaskiya, ita an tura ta gaba, shi ke nan sun zama baƙin juna. Bayan wani ɗan lokaci sukan tambaye ta ƙarfe nawa su bi ta, shi ya sa 'yan bayan tara ba sa ganin komai. Ranar Juma'a in Malam ya sa mata data, sai ta gyara agogonta da kanta, Litinin a sake turawa.

"Wannan kuma," ta nuna ni da ɓawon gyaɗa, "tunda kafin a taɓa agogon take shiga, ba ruwanta da tambaya. Tana ciki aka rufe ƙofa."

Hajiya ta juya a hankali ta dubi bakin ƙofa, inda Malamin ladabtarwa yake tsaye. Kowa a makarantar ya san agogonmu yana gaba da na duniya da minti goma sha biyar, tun kafin a haife ni. Dabarar Malamin ladabtarwa ce, don wadda ta makara a agogon makaranta ta kasance ba ta makara ba a na Allah. Kowace Litinin yakan zagaya ya daidaita su da na hannunsa. Mun saba har mun daina gani.

Malamin ladabtarwa ya cire bulalar daga hamata ya mayar ɗaya hamatar.

"Ni ne," ya ce. "Sati uku da suka wuce na lura agogon jikinta yana baya da na bango. Ofis ɗaya, agogo biyu, kowanne da maganarsa? Na gyara. Na dawo na tarar ta koma, na sake gyarawa. Na ɗauka taurin kai ne irin na kayan zamani."

"Baba, ita ba a yi mata dabara," in ji Anti. "Na bangon ku tura shi har gobe in kuna so."

Aminiyata ta dunƙule bakin hijabinta ta cusa a baki. Ni ban yi dariya ba, Allah Ya sani, kafaɗuna ne kawai suka dinga rawa ba da izinina ba.

Anti ta gyara agogon, ta kulle uwar garke da sabuwar kalmar sirri, ta sa Malamin kwamfuta ya shiga ya fita sau uku a gabanta har tsoronsa ya tafi. Hajiya ta buɗe aljihun tebur ta miƙo min makulli. Ta ce in koma ɗakin daga gobe, amma shigar sata kafin asambili ta ƙare. Na tsaya ina jiran kalmar haƙuri daga kowane ɓangare. Na jira har ƙafata ta yi sanyi. Hajiya ta ce, "Me kuma? Ku tafi aji."

Kusan sati biyu na rasa, kuma hannuna ya nuna. Ranar Juma'a da na zauna, monita tana tambaya ta ashirin ina ta tara. Na lissafa kwanakin da suka rage na ga ba za su ishe ni ba, na koma gida ko tuwo ban iya ci ba.

Ranar Asabar da hantsi ina wanke-wanke aka yi sallama a ƙofar gida. Babana ya fita, ya daɗe, ya dawo yana dubana da mamaki.

"Malaminku ne, mai bulalar nan. Me kika kuma yi?"

Na sa hijabi na fita ina tuno duk abin da na aikata tun daga aji ɗaya. Yana tsaye jikin kekensa da tarin littattafan da zai duba ɗaure a baya. Na durƙusa na gaishe shi. Bai dube ni ba, gonar da aka zube wa taki yake kallo.

"Na nemi izinin Hajiya da na mahaifinki," ya ce. "Duk Asabar zan zauna a bakin ɗakin kwamfuta in yi makin ɗina, daga yanzu zuwa azahar, har ku yi jarrabawa. Ki biya ki kira ƙawar taki."

Na tsaya ina nazarin fuskarsa, ina neman inda tarkon yake. Ban gano ba.

"Malam, mu biyu kawai?"

"Ku biyu aka kora. Ɗauko makullin, ki daina kallona kamar na ci miki tuwo."

Na ruga ciki na ɗauko, na bi ta gidan su aminiyata na fizgo ta daga bakin murhu, hannunta duk toka.